Lissafin shekara ya cika a takarda, amma wuta ta ɗauke da magariba

Ranar 14 ga Agusta 2020, wajen ƙarfe shida da rabi na yamma, CAISO, wato hukumar da ke kula da babban layin wutar jihar Kalifoniya a Amurka, ta ba da umarni a fara ɗauke wa mutane wuta bi da bi, washegari ma aka sake yi. Rabon da a ga haka a jihar tun 2001. Kuma ba wai tashoshin samar da wuta ne babu ba fa, in ka tara ƙarfin duk abin da aka girka a jihar ya wuce buƙatar ranar nesa ba kusa ba. Abin da ya faru shi ne zafi ya yi tsanani a duk yammacin ƙasar, kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, rana ta doshi faɗuwa sola ya fara ja da baya amma zafin bai ja ba, jihohin maƙwabta da aka saba sayen wuta a wajensu su ma suna ta kansu. Da aka yi bincike daga baya, ɗaya daga cikin manyan dalilan da hukumomin jihar suka amsa da bakinsu shi ne tsarin da aka yi bai tanadi isasshiyar wuta ta waɗannan awoyin na farkon dare ba.

Toh wannan ita ce matsalar da nake son mu tattauna, saboda ba ta Kalifoniya kaɗai ba ce. Duk ƙasar da ke tsara wutarta ta shekaru 20 ko 30 masu zuwa da samfurin lissafi na kwamfuta take yi, kuma samfuran nan gida biyu ne, kowanne akwai inda yake gani akwai inda yake makaho.

Gida na farko shi ne samfurin makamashi gaba ɗaya. Shi ba wutar lantarki kawai yake kallo ba, yana kallon mai da gas da kwal, motoci da jirage, masana'antun siminti da ƙarfe, girki da ɗumama gidaje, duka a faifai ɗaya. Sai ka ce masa ga yawan jama'a nan da 2050, ga yadda tattalin arziki zai girma, ga iyakar hayaƙin da aka yarda a fitar, shi kuma ya nemo maka hanya mafi araha, ya ce gina kaza na sola a shekara kaza, rufe tashar kwal kaza, motoci kaza su koma na lantarki. Sanannu a ciki akwai MARKAL da magajinsa TIMES waɗanda suka fito daga shirin ETSAP na Hukumar Makamashi ta Duniya, akwai MESSAGE na cibiyar IIASA da ke Ostiriya, akwai PRIMES da Hukumar Tarayyar Turai ta daɗe tana aiki da shi, sai OSeMOSYS wanda yake kyauta kowa na iya saukewa.

Amma hangen nesan nan yana da farashi. Shekara tana da awa 8760, shi kuma ba zai iya bin su ɗaya bayan ɗaya na tsawon shekaru 40 ba ga kuma dukkan ɓangarorin tattalin arziki a kansa, sai ya dunƙule shekarar zuwa 'yan yanka. Wasu samfuran TIMES yanka 12 kacal suke yi, yanayi huɗu na shekara, kowanne a raba shi rana da dare da lokacin da buƙata ta kai ƙololuwa. Kenan duk dararen hunturu sun zama dare ɗaya mai matsakaicin iska da matsakaicin sanyi. Daren da iska ta kaɗa kamar za ta cire rufi da daren da ko ganye bai motsa ba an haɗa su an raba biyu, aka samu wani dare da bai taɓa faruwa ba. Kuma wuta ba a matsakaicin dare take ɗaukewa ba, a mafi munin dare take ɗaukewa.

Gida na biyu shi ne samfurin layin wuta, irin su PLEXOS na kamfanin Energy Exemplar, da Antares na RTE mai kula da layin Faransa, da PyPSA wanda shi ma kyauta ne. Wannan shi awa-awa yake bi, wani lokacin ma rabin awa ko minti 15, kuma ya san halin kowace tasha. Ya san babbar tashar kwal in ta huce sai ta ɗauki awoyi da yawa kafin ta tashi, ya san akwai ƙasan da ba za ta iya sauka ba sai dai a kashe ta gaba ɗaya, in an kashe ta kuma ba a kunna ta nan take, ya san saurin da kowace tasha ke iya ƙara wuta ko ragewa, ya san layi kaza ba ya ɗaukar fiye da megawat kaza ko da kuwa wutar tana can jibge a ɗaya ɓangaren, ya san dole a bar wutar ko-ta-kwana saboda in babbar tasha ta faɗi ba zato. Makantarsa ita ce duk abin da ka ba shi shi yake karɓa. Ka ce masa ga tashoshi, ga buƙata, ga farashin gas, shikenan ya hau aiki. Ba zai tambaye ka daga ina gas ɗin zai fito ba, ko me ya sa buƙatar ta zama haka.

Mutum zai ce toh me zai hana a yi ƙaton samfuri ɗaya da zai yi duka? Nauyin lissafi ne. A ce ƙasa tana da injina 500, kowanne a kowace awa sai an yanke ko a kunne yake ko a kashe. 500 sau 8760 ya ba ka 4,380,000 a shekara ɗaya tak, ka ninka da shekara 30 ka haura miliyan 131, kuma irin lissafin eh ko a'a ɗin nan shi ne mafi wahalar warwarewa ga kwamfuta saboda kowace amsa tana ɗaure da ta awar da ta wuce da ta awar da ke tafe. Ka ɗora sufuri da masana'antu a kai, abin ya fi ƙarfin a yi ta maimaita shi. Shi ya sa mafi yawa ake barin kowanne a gidansa sai a ƙulla zumunci tsakaninsu, wannan ya miƙa wa wancan sakamako. Akwai masu ɗinke su su zama manhaja ɗaya, amma sai sun sadaukar da wani abu, ko dai su rage awoyi ko su rage bayanin tashoshi.

Yadda ake haɗin a sauƙaƙe: a gudanar da samfurin makamashi, a ɗauki shekara ɗaya daga cikin sakamakon, a ce 2035, a kwaso tashoshin da ya ce a gina da yawan wutar da za a sha da farashin mai da kuɗin da ake biya kan fitar da hayaƙi. Sai a farfasa su. In ya ce megawat 4000 na gas, sai ka mai da shi injina na gaske, a ce guda goma masu 400 kowanne da halinsa da yawan lalacewarsa. Buƙatar shekara a shimfiɗa ta a kan awa 8760, iska da rana a sa musu bayanan yanayi na gaske. Sai a sake wa samfurin layi ya tuƙa shekarar daga 1 ga Janairu har 31 ga Disamba a ga inda zai yi tuntuɓe. Masu bincike a Jami'ar Cork da ke Ailan sun yi wannan a 2012, suka haɗa TIMES na ƙasarsu da PLEXOS, kuma abin da suka gani ya zama darasi ga kowa: samfurin makamashi yana raina amfanin tashoshi masu saurin tashi da sauka, yana raina yawan wutar iska da za a zubar saboda ba inda za a kai ta, yana kuma zaton manyan tashoshin da ke aiki dare da rana za su yi aiki fiye da yadda za su iya a zahiri.

Yanzu ma'aunin. Ya ake cewa wuta ta wadata? Wanda aka fi amfani da shi shi ne LOLE, wato awoyin da ake sa ran buƙata za ta fi ƙarfin abin da ake da shi a shekara. Birtaniya ta sa nata awa 3 a shekara, a Amurka an daɗe ana bin ƙa'idar kwana ɗaya cikin shekara goma, Ostireliya kuma yawan wutar da aka kasa bayarwa take aunawa, kada ya wuce kashi 0.002 cikin 100 na buƙatar shekara. A nan mutane da yawa suke kuskure, suna ɗauka awa 3 alkawari ne cewa duk shekara awa 3 za a rasa. A'a, matsakaici ne na shekaru da yawa da aka gwada a kwamfuta. Shekara 29 babu ko minti ɗaya, sai ta 30 a rasa awa 90 a cikin sati ɗaya na tsananin sanyi, matsakaicin dai awa 3 ne, an cika ƙa'ida. Amma awa 90 a jere cikin sanyi rayuka ne fa. Shi ya sa ni a ganina duk rahoton da ya ba ka LOLE kawai bai nuna maka girman mafi munin shekarun ba, rabin labari ya ba ka.

Ana samun lambar ne ta hanyar da ake kira Monte Carlo, a yi ta maimaita shekarar sau ɗaruruwa ko dubbai, kowane zagaye da yanayi daban da kuma tashoshin da suka lalace daban. ENTSO-E, ƙungiyar masu kula da layukan wutar Turai, haka take yi a bincikenta na wadatar wuta da ta fara fitarwa a 2021, da bayanan yanayi na sama da shekara 30. Jerin lokaci a nan shi ne komai. Jamusawa suna da kalma, Dunkelflaute, kwanakin hunturu da ba rana ba iska, an ga irinsu a Nuwamba da Disamban 2024 har farashin wuta a kasuwar Jamus ya doshi Yuro 1000 a kan megawat ɗaya na awa ɗaya. Batirin da ke ɗaukar awa huɗu gwarzo ne in matsalarka ta magariba ce kullum, ya cika da rana ya juye da dare. In kuma kwana biyar za a yi ba iska, daren farko zai ƙare ya zauna. Samfurin da ya yanka shekara gida 12 bai ma san ranar Talata tana bin Litinin ba, toh ta ina zai san batirin bai samu cika ba? Haka dam ɗin ruwa, shi nasa ma na watanni ne ko shekaru, Brazil a 2001 sai da aka tilasta wa jama'a rage shan wuta da kashi 20 cikin 100 saboda madatsun sun ja ƙasa.

Sai dai inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne ɗaya ɓangaren, abin da samfurin layi ba ya gani shi kaɗai, don mutane sun fi mai da hankali a kan laifin samfurin makamashi kamar shi na layi ba shi da aibu.

Dubi jihar Texas ta Amurka a Fabrairun 2021. Sanyi ya sauko wanda ba a saba ba, da asubahin ranar 15 ga wata tashoshi suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ERCOT, hukumar da ke kula da layin wutar jihar, ta kai ga yanke megawat 20,000, gidaje sama da miliyan 4.5 suka shiga duhu, wasu kwanaki, jihar da kanta ta ƙirga mutum 246 da suka rasu. Shugabannin ERCOT sun ce saura minti 4 da daƙiƙa 37 layin gaba ɗaya ya durƙushe. Mafi yawan injinan da suka gaza na gas ne, wasu kayansu ne suka daskare, wasu kuma lafiyarsu ƙalau gas ne bai iso ba, rijiyoyi sun daskare, gidaje suna jan gas don ɗumi a daidai lokacin da tashoshi ke nemansa, sannan abin takaici da aka fara yanke wuta sai yankan ya haɗa da wasu wuraren haƙo gas da tura shi waɗanda su kansu da lantarki suke aiki. Ba wuta ba gas, ba gas ba wuta. Tsohon salon lissafi yana ɗauka kowace tasha ita kaɗai take lalacewa, in wannan ta faɗi ba ruwan waccan, don haka yiwuwar a ce da yawa sun faɗi tare ƙanƙanuwa ce ƙwarai a takarda. Alhali sanyi ɗaya ne ya buge su duka a dare ɗaya, shi ne kuma ya ɗaga buƙata. Samfurin layi yana ɗaukar gas tamkar famfo ne da ba ya ƙafewa matuƙar ka biya. Wanda ya san bututun nan ɗaya ne ake rabawa tsakanin gidaje da masana'antu da tashoshin wuta shi ne samfurin makamashi. Turai ma ta ɗanɗana a 2022, gas ɗin Rasha da ya kai kusan kashi 40 cikin 100 na wanda take shigowa da shi ya ragu sosai, a shekarar ce kuma aka rufe tashoshin nukiliyar Faransa da yawa don dubawa saboda tsagewar da aka fara ganowa a bututun wasunsu tun ƙarshen 2021, har Faransa da ta saba sayar wa maƙwabta wuta ta koma mai saye.

Akwai kuma maganar siffar buƙata. Kuskuren da ake yawan yi wajen haɗin shi ne a ɗauki yadda aka sha wuta bara awa-awa a ninka shi kawai ya kai adadin 2035. Amma in samfurin makamashi ya ce miliyoyin gidaje za su bar gas su koma ɗumama da lantarki, miliyoyin motoci su koma caji, ai ba girma kawai buƙatar ta yi ba, kamanninta ne suka canza. Faransa misali ce a fili, saboda gidajenta da yawa da lantarki ake ɗumama su, RTE ta ƙiyasta duk digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru a hunturu buƙata tana hawa da kusan megawat 2400, kuma a Fabrairun 2012 ta kai sama da megawat 102,000. Duk ƙasar da ta bi wannan hanya za ta gaji wannan hali, kuma ba za ka gan shi a bayanan bara ba.

Toh in samfurin layi ya nuna an rasa awa 40 maimakon 3, sai me? Nan ne ake gane wanda ya yi aikin da gaske. Da yawa a nan suke tsayawa, su rubuta cewa an gwada an ga giɓi, su rufe rahoto. Gaskiya wannan bai isa ba. Kamata ya yi sakamakon ya koma gida, a je a gaya wa samfurin makamashi cewa sola ɗin da ka ƙirga zai taimaka a lokacin ƙololuwa ba zai taimaka haka ba, rage masa daraja, ƙara rarar da ake bari, sa iyakar gas a hunturu, sannan a sake gudanar da shi ya sake zaɓen abin da za a gina, a sake miƙa wa na layi. Darajar ma ba tsayayya ba ce, sola na farko da ka girka yana rage nauyin tsakar rana sosai, amma yana yawaita sai lokacin haɗari ya matsa zuwa bayan faɗuwar rana inda ƙarin sola ba ya ƙara komai, wanda shi ne dai abin da ya samu Kalifoniya. Ba a fafe gora ranar tafiya, tashar wuta da babban layi shekaru suke ɗauka kafin a gama su, in ba a ga giɓin a kwamfuta yau ba ranar da za a gan shi a zahiri ba abin da za a iya ginawa.

Kai-komon nan ba shi da daɗi, kada in ɓoye. Wani lokacin ba sa daidaituwa, wannan zagayen ya gina gas da yawa, na gaba ya rage ya wuce gona da iri, a yi ta lilo sai mai aikin ya yanke da hankalinsa inda za a tsaya. Wani lokacin bambancin da ka gani ba na gaske ba ne, wannan yana ƙirga wutar da tasha ta samar, wancan yana ƙirga wadda ta fita bayan tashar ta ci nata, ko shekarar kuɗin da suka yi amfani da ita daban, ko ɗaya ya ɗauki ƙasar a matsayin ɗigo ɗaya ɗayan ya raba ta shiyya-shiyya. Ga kuma cewa sau da yawa na makamashi yana hannun ma'aikata ko jami'a, na layi yana hannun kamfanin da ke kula da layin da bayanan da ba ya son fitarwa. Sannan dukkansu biyun galibi suna aiki kamar sun san gobe, samfurin ya san ranar da iska za ta tsaya don haka ya cika batir tun jiya, mai aiki a ɗakin kula da layi kuwa hasashe kawai yake da shi.

Ko an haɗa biyun ma akwai hawa na uku da ba su taɓa ba, na daƙiƙoƙi. Ranar 9 ga Agusta 2019 tsawa ta faɗa kan wani layi a Birtaniya, tashar iska ta Hornsea da tashar gas ta Little Barford suka fice kusan lokaci ɗaya, bugun wutar da ya kamata ya tsaya a sau 50 cikin daƙiƙa ya sauka zuwa 48.8, aka yanke wa gidaje da wuraren aiki wajen miliyan ɗaya wuta don a ceci sauran. A wannan awar wuta ta wadata a lissafi. Haka Sifen da Fotugal ranar 28 ga Afrilu 2025 da tsakar rana, ba ƙarancin tashoshi ba ne, ƙarfin wutar a kan layi ne ya hau ya fi ƙarfin masu riƙe shi. Wannan sai samfurin da ke bin motsin injina daƙiƙa-daƙiƙa, abin da ya gano sai a mai da shi doka a cikin samfurin awa-awa. Ailan haka ta yi, ta sa iyaka a kan kason wutar da zai fito daga iska da sola da layukan waje a lokaci guda, ta fara da kashi 50 tana ɗagawa a hankali har ta kai 75.

Bari in koma kan awa 3 ɗin Birtaniya, don ba daga sama ta faɗo ba. An ƙiyasta kuɗin ajiye sabuwar tashar ko-ta-kwana kusan fam 47,000 a shekara kan kowane megawat, an ƙiyasta asarar da mutane ke yi in an hana su megawat ɗaya na awa ɗaya kusan fam 17,000, aka raba na farko da na biyu aka samu kusan 3. Ma'ana in awoyin rashi sun haura haka gina tashar ya fi araha, in sun gaza haka ajiye ta ya fi tsada. An yi wannan lissafin ne a 2013, lokacin da mafi yawan gidajen ƙasar da gas suke ɗumi motocinsu kuma da fetur ko dizal. Ranar da ɗumin gida da motar zuwa aiki da murhun masana'anta duk suka rataya a kan waya ɗaya, asarar awa ɗaya ba za ta tsaya a fam 17,000 ba, kuma in lambar asarar ta hau awoyin da za a iya haƙura da su sai sun ragu. Samfurin layi ba shi da hanyar sanin ranar ta zo, sai na makamashi ya faɗa masa gidaje nawa da motoci nawa ne suka koma.